Yadda Ake Farfaɗo da Gona da Dajin Gari Yanzu da Damina Ta Sauya Hali

Tun da na yi magana kan gonakin Maraɗi da Damagaram da suka sake cika da itatuwa bayan an fid da rai da su, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: to mu ta ina za mu fara? Wani ya ce gonarsa ta zama faƙo, ko diga da ƙyar take kama ta. Wani ya ce tasa ruwan 2024 ne ya tsaga ta gida biyu. Wata baiwar Allah kuwa cewa ta yi su damuwarsu itacen girki ne, sai an yi tafiyar rabin yini kafin a haɗa dami ɗaya.

Duk ciwo ɗaya ne. Damina ba ta daina zuwa ba, hali ta sauya. Ruwan wata guda sai ya zube a dare biyu, daga nan a yi kwana 15 ko 20 ba ko ɗigo. Ƙasar da ba itace ba ciyawa ba ta iya shanye irin wannan ruwa. Gudu yake yi a kanta, ya kwashe taki da ƙasar sama, ya je ya yi ɓarna a gonar wani. Aikin da ke gabanmu shi ne tsayar da ruwa a inda ya faɗo, kuma ba a yin sa a gona ɗaya a ce an gama. Ku dubi Gulbin Maraɗi: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Rima. Ruwan da bai san iyakar ƙasa da ƙasa ba, ina zai san iyakar gonarka da ta maƙwabcinka?

Abin da ya fi ɓata wa mutane aiki shi ne fara shi ta wutsiya. A sayo dashe, ko a faɗa cikin kwazazzabo da buhunan yashi, alhali ba a taɓa tudun da ke turo ruwan ba. Don haka a bi matakan nan yadda na jera su.

Kayan aiki da lissafin kuɗi

Adda ko ƙaramin gatari mai kaifi, da dutsen wasawa. Diga, shebur, fartanya. Igiya mai tsawon mita 10 da aka ƙulla a kowace mita. Siririn tiyo fari irin wanda magina ke fitar da lebur da shi, mita 10 zuwa 15, da sanduna biyu. Baro ko amalanke. Tsofaffin tsummoki masu launi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula ta ɗan makaranta. Littafin rubutu ɗaya.

Farashi ba ya kwana wuri ɗaya a zamanin nan, saboda haka da kwanakin aiki zan riƙa lissafi. Kai sai ka ninka da kuɗin ƙwadagon yini a garinku. Mafi yawan tsadar aikin gumi ce, kuma inda har yanzu ake gayya, rabin kuɗin ya faɗi.

1. Bi sawun ruwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Agusta, washegarin babban ruwa. In damina ta wuce, sawun yana nan: yashin da ya taru, saiwar da ta fito fili, karan da ruwa ya jera a gindin kalgo. Ku fita mutum biyar ko shida, da dattijon da ya san garin tun yana da duhun daji, da mace ɗaya ko biyu daga masu zuwa itace, da makiyayi. Ku fara daga wuri mafi tudu ku gangaro har fadama.

In kun dawo, ku zana abin da kuka gani a ƙasa da tsinke, sa'an nan wani yaro mai hannu ya kwafe a takarda. A nuna faƙo, jigawa, laka, kwazazzabo, burtali, mashaya, rijiyoyi, da inda kututture ya fi yawa. Kowace irin ƙasa da maganinta, kuma wannan zanen ne zai hana ku ba faƙo maganin jigawa.

*Hattara:* kada a bar wannan yawo ga masu manyan gonakin fadama kaɗai. Su ne ruwa ke cutarwa, amma maganin yana hannun masu gonakin tudu, waɗanda galibi su ne marasa ƙarfi.

2. Zaman gari kafin a ɗaga gatari

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi, kuma shi ne matakin da kowa ke son tsallakewa. A kira zama a ƙofar mai gari bayan an kai amfani gida, da liman, da sarkin noma, da arɗo, da wakilan mata da na matasa. Abu huɗu za a yanke, a rubuta, a karanta a masallacin Juma'a da ranar kasuwa.

Na farko, itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne, ba mai sara sai da izininsa. Na biyu, ranar sakin gonaki ga dabbobi, da wuraren da za a killace shekara biyu ko uku. Na uku, tara: nawa ce, wa ke karɓa, me za a yi da ita. Na huɗu, 'yan sa ido. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, cikin jihar Maraɗi, kwamitin gari da ya haɗa manoma da mata da makiyaya ne ya riƙe aikin, shi ya sa sunan garin ya yi nisa.

A Nijar akwai hukumomin kula da filaye tun daga matakin gari, waɗanda suka samo asali daga dokar karkara ta 1993, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya raina. Ku kai wa hukumomin nan takardarku su sa hannu. A Nijeriya dokar daji ta jiha ce, don haka ku gayyaci malamin daji na ƙaramar hukuma tun zaman farko. Gara ya ji daga bakinku da ya tarar da ku kuna datse gawo ya ɗauka ɓarna ce.

*Hattara:* in gonar aro ce, ko haya, ko jingina, ka zauna da mai ita gaban shaidu kafin ka fara. Mutane da yawa suna ganin mai rainon itace a gona kamar mai neman mallake ta ne. Na ga inda mutum ya yi shekara uku yana gyaran faƙo, da ta fara ba da dawa mai gona ya ce yana son abarsa.

*Hattara kuma:* dokar da aka yanke ba makiyayi a wurin, sunanta neman faɗa. Shanun da aka hana hanya za su nemi wata, kuma ta cikin gonarka za ta bi.

3. Sassabin zamani

Wannan shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi riba, don haka zan daɗe a kansa. Duk shekara da bazara muna sare tohon da ya fito a gona mu ƙone, muna kiransa ƙazanta. Alhali ƙarƙashin kowane ɗan kurmin sabara ko kalgo akwai saiwar tsohon itace da ranta, mai zurfin da dashe ba zai kai ba sai bayan shekaru. Abin da Tony Rinaudo, wani malamin gona ɗan Ostireliya, ya lura da shi ke nan a Maraɗi a 1983, manoma suka ɗauka suka yaɗa da kansu, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Ba rijiya, ba ban ruwa, ba ledar rainon dashe.

Ka zagaya gonar kafin sassabe ka ƙirga kututturen da ke toho. Ka zaɓi waɗanda za ka bari. In yanzu ka fara, 40 a hekta ya isa, wato kusan ɗaya a kowace mita 16. In ka ga amfaninsu ka ƙara, akwai masu barin 100 da ɗoriya.

Wanne za a bari? Gawo ne sarki. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Duk wanda ya taɓa ganin geron gindin gawo ba ya bukatar dogon bayani. Kalgo da sabara, da ake rainawa, bincike a Senegal ya nuna saiwarsu na jawo danshi daga ƙasa mai zurfi da dare, shukar da ke kusa ta samu rabonta. Magarya, kurna, aduwa da kanya na ba da 'ya'ya. Bagaruwa ta majema ce, ɗakwara na ba da ƙaro, ƙirya da marke na ba da icen gini da ƙota. Masu inuwa mai kauri irin su tsamiya da dogon yaro, a bar su a iyaka ko bakin hanya. Ka tambayi matan gida kafin ka yanke hukunci, domin akwai ganyen miya da na magani da ba ka san ana tsinka a gonarka ba.

A kowane kututture ka zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafi tsayi da miƙewa da ƙoshin lafiya, ka cire sauran daga tushe. Waɗanda ka bari, ka sassabe ƙananan rassansu daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, ka bar na sama. Ka ɗaura tsumma mai launi don kowa ya san an raina shi ne da gangan. Rassan da ka cire masu ƙaya, ka kewaye gindin da su saboda awaki. Sauran ka shimfiɗa a inda ƙasa ta yi sanƙo.

*Hattara:* daga ƙasa zuwa sama ake sara, da ƙarfe mai kaifi. In ka saro daga sama, reshen zai ɓalle ya feɗe ɓawon, ciwon ya zama ƙofar ƙwari da ruɓa.

*Hattara:* kada ka aske itacen ka bar masa ɗan tukku a ka, wai don ya yi saurin tsawo. Zai yi tsawon, amma siriri, iskar farkon damina ta karya shi ko akuya ta tanƙwaro shi. Kada kuma ka bar reshe ɗaya tak a shekarar farko. In ya karye ka koma farko, kuma ka hana kanka ƙiraren da za ka riƙa cira ɗaya-ɗaya kowace shekara.

Ka dawo bayan wata 2 zuwa 6 ka cire sabon tohon da ya fito. Mutum ɗaya na gama hekta a yini ɗaya ko biyu. Akwai masu cewa itace na tara tsuntsaye. Gaskiya ne yana ba su wurin sauka, ba zan musa ba, kuma shi ya sa ake rage rassa kafin gero ya fid da kai. Amma jan-baki in ya tashi zuwa, gonar da ba itace ma ba ta tsira.

A jigawa mai yashi, wannan mataki da barin kara su ne kusan duk aikin. Kada a kwashe karan gero kaf, kada a ƙone. Wanda aka bari a kwance yana tare yashin da iska ke ɗauka, ya hana ta binne shuka tana 'yar ƙarama.

4. Fitar da layi da jera duwatsu

Wannan na gangare ne inda dutse ke kusa. In sai an yi hayar mota daga nesa, ka bar shi, ka yi layin da gamba ko jema a maimakonsa.

Ka fara fitar da layin da ba hawa ba gangara. Ka ɗaura bakin tiyon biyu a jikin sandunan nan, ka cika shi da ruwa, ka fitar da kumfa. Ka tsayar da sandunan kafaɗa da kafaɗa a wuri ɗaya, ka yi alama inda ruwa ya tsaya a kowace. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa, ɗayan ya yi gaba ta gicciyen gangaren, yana matsawa sama ko ƙasa har ruwa ya dawo kan alama. Nan za a kafa turke. Na baya ya wuce gaba, a maimaita. Layin zai riƙa lanƙwasa kamar maciji. Haka ake so.

Ka tona ɗan rami mai zurfin santimita 5 zuwa 10 a bin layin, ka zaunar da manyan duwatsu, ka cusa ƙanana ta gefen tudu, tsayi ya kai santimita 20 zuwa 30. Tazarar layi da layi mita 30 zuwa 50 a gangare mai sauƙi, mita 15 zuwa 20 inda ya yi tsanani. Hekta mai layi uku na cin mita 300 na dutse, don haka a tara shi tun watan Disamba da Janairu, lokacin sanyi, kafin jakuna da shanun amalanke su rame.

*Hattara:* daga saman tudu ake farawa a gangaro. Wanda ya fara daga ƙasa, ruwan tudun gaba ɗaya zai sauko wa layinsa na farko ya watsa shi.

*Hattara:* kada ka miƙe layi da ido don ya yi kyan gani, ko ka bi iyakar gona. Ruwa zai taru a inda ya fi kwari, ya fasa, ka haƙa wa kanka sabon kwazazzabo da hannunka. Kuma jeren dutse ba dam ba ne. Rage wa ruwa gudu yake yi ya bar shi ya tsiyaye, don haka kada a liƙe shi da laka.

5. Tassa ko rabin wata

Duka biyun maganin faƙo ne, ƙasa mai tauri da ruwa ke zamewa a kanta. Manoman Illela a jihar Tawa ne suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka farfaɗo da tassa, har faƙon da ba mai so ya koma abin saye da sayarwa.

Tassa rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 40, zurfi 10 zuwa 20. Ƙasar da ka tono ka tara ta a gefen gangare, ta zama ɗan bango mai siffar jinjirin wata, bakin tudu kuma a bar shi a buɗe don ruwa ya shigo. Tazara mita ɗaya kowane gefe, wato rami 10,000 a hekta. Layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan layi na farko, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Hekta na cin awa 300 ko fiye, kusan kwana 50 na mutum ɗaya in yana awa shida a yini. Shi ya sa nake cewa kada ka ɗauki hekta a shekarar farko. Ka yi kwata, ka yi ta da kyau.

Rabin wata ya fi girma, ya fi dacewa da fili mai faɗi, musamman makiyayar gari da ta mutu. Ka kafa turke a kan layin da ka fitar, ka ɗaura igiya mai mita 2, ka zana rabin da'ira, bakinta na kallon tudu. Faɗinta ya zama mita 4 ke nan. Ka sassaƙe cikin zuwa zurfin santimita 15 zuwa 25, ka tara ƙasar a bayan lanƙwasar, ka daddanne ta da ƙafa ko bayan shebur. Mita 4 tsakanin wannan da na gefensa, mita 4 tsakanin layi da layi, a saɓa su kamar na tassa. Ma'aunin da ake bi a Nijar shi ne 313 a hekta, kuma ƙaƙƙarfan mutum na yin 3 a yini, wato kwana ɗari da 'yan kai. Aikin gayya ne, ba na mutum da 'ya'yansa biyu ba.

A yi tonon tsakanin Janairu da Afrilu, da sassafe. Iskar bazara za ta zuba ganye da ƙura a ramukan, wannan ma riba ce.

*Hattara:* kada ka yi tassa a yashi mai laushi, ruwan farko zai cike ta. Kada ka yi ta a laka ko kwarin da ruwa ke kwanciya, shuka za ta ruɓe a shekara mai ruwa da yawa.

*Hattara:* kuskuren da na fi gani shi ne juya rabin wata baya, bango a tudu, baki a gangare. In ka ba 'yan ƙwadago, ka tsaya a kansu har su gama goman farko. Kuma kada a cike filin da rami don haɗama. Sararin da aka bari tsakani shi ne ke tara wa ramin ruwa.

6. Taki

Ramin da ba taki, rami ne kawai. A kowace tassa a zuba cikin tafin hannu biyu na takin gargajiya da ya ruɓe, kusan giram 300, wanda ya kama tan 3 a hekta. A rufe da 'yar ƙasa kaɗan don kada iska ta kwashe ko rana ta ƙone shi. A rabin wata, bokiti ɗaya ko biyu, a gauraya da ƙasar ciki. A zuba shi makonni kafin ruwa, cikin Afrilu ko Mayu.

Gara za ta zo. Kada ka kashe ta. Ita ce za ta huda faƙon ta yi wa ruwa hanyoyi zuwa ƙasa, aikin da digarka ba ta iya yi. Daga cikin kashin awaki da shanu kuma za ka ga gawo da bagaruwa sun tsiro da kansu. Ka bar wasu, ka sa musu tsumma.

In takin bai isa ba, a koma tsohuwar al'ada: makiyayi ya kwana da garkensa a gonarka da rani, ka ba shi hatsi da kara da ruwan rijiya. Wannan ciniki ya fi kowace takardar sulhu ƙarfi.

Mai son ƙarawa da takin zamani, ga ma'aunin da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta gwada: giram 6 na NPK a kowane rami, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP. A rami 10,000 ya kama kilo 60 na NPK ko kilo 20 na DAP.

*Hattara:* ɗanyen taki na ƙone tsiro, yana kuma kawo irin ciyawa. Takin zamani kuma kada ya taɓa ƙwayar iri, a sa shi a gefe, sai ƙasa na da danshi.

7. Iri da ranar shuka

Hukumar kula da yanayi ta NiMet a Nijeriya na fitar da hasashen damina a farkon shekara, cibiyar AGRHYMET ta Yamai ma na fitar da na yankin Sahel kafin ruwa ya sauka, gidajen rediyo na karantawa da Hausa. Ka saurari abu uku: yaushe ake sa ran farawa, yaushe ɗaukewa, da ko akwai dogon tsaiko a tsakiya. Hasashe ne, ilmin gaibu sai Allah, amma ya fi shuka da ka.

Ka kafa gwangwanin nan a fili, nesa da itace da rufi. In ruwan ciki ya kai santimita 2 a ruwa ɗaya ko a kwana biyu a jere, milimita 20 ke nan, ana iya shuka. Ka tabbatar da tona ƙasa, danshi ya kai tsawon tafin hannu.

Kada ka zuba duk irinka a kwando ɗaya. Ka raba gona: wani ɓangare iri mai saurin nuna kamar gero SOSAT ko HKP, masu kai wa girbi cikin wata uku ko ƙasa da haka kaɗan, wani ɓangare irin gida da ka sani. Ka sa wake a tsakani, ko hatsi ya gaza ka samu harawa. A tassa, ƙwaya kaɗan a rami, in sun tsiro a rage a bar 3. A rabin watan makiyaya a watsa irin ciyawar da aka tara tun kaka, a sa itace ɗaya a ciki kusa da bango.

*Hattara:* ruwan farko na yaudara. In ka yi binne ko ka bi ruwan Mayu, ka ajiye irin da zai isa sake shuka. Kada ka shuka a tsakiyar ramin da ruwa ke daɗewa, ka ɗan matsa gefe.

8. Kwazazzabo, burtali, gobara

Sai yanzu za a taɓa kwazazzabo, bayan an rage ruwan da ke shigarsa daga sama. A fara daga kansa, inda yake ƙarami. A gicciya ƙananan katangun dutse da ba su wuce gwiwa ba, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta nan, a cusa gefunan cikin gaɓa, a shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗo. Ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya. A dasa jema ko gamba a gaɓa. Wanda ya fi tsayin mutum zurfi ya fi ƙarfin gayya. A kai kukansa ga ƙaramar hukuma, ko ofishin ACReSAL, shirin gwamnati na farfaɗo da ƙasa da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja, a tafi da zanen nan na mataki na ɗaya.

Burtali a bi shi da dattawan ɓangarorin biyu a maido da faɗinsa na asali har zuwa mashaya, a dasa aguwa a gefe da gefe a ƙarshen rani. In ya ratsa garuruwa uku, a zauna da garuruwa ukun. Burtalin da ya buɗe a garinku ya toshe a na gaba bai yi amfanin komai ba.

Inda ciyawa ta dawo, wuta za ta biyo. Da zarar ta fara bushewa a Oktoba, a share hanya mai faɗin mita 15 zuwa 20 kewaye da wurin da aka killace. Ciyawar da aka yanka a ɗaure a ajiye, a watan Afrilu kuɗi ce.

9. Bayan babban ruwan farko

Washegari da safe ka fita da shebur. Duk inda bango ya fashe ko dutse ya gangara, ka gyara a ranar, kafin ruwa na biyu ya faɗaɗa shi. Ka duba inda ruwa ya zagaye ƙarshen layi, ka ƙara masa tsawo ka ɗan lanƙwasa shi zuwa tudu.

A littafin nan ka rubuta ranar kowane ruwa da abin da gwangwani ya nuna, ranar shuka, da damin da ka samu a inda aka gyara da inda ba a gyara ba. Ka bar ɗan yanki yadda yake don wannan gwaji. Maƙwabcin da ya yi maka dariya kana tonon faƙo a watan Maris, wannan yanki ne zai amsa masa.

Tassa na yin shekara biyu zuwa uku. A shekara ta biyu ka yashe ta ka ƙara taki, bayan haka ka tona sababbi a tsakanin tsofaffin. Itacen da ka raina zai fara ba da ƙirare tun shekara ta farko ko ta biyu, sandunan rumfa daga ta uku zuwa sama. Duk reshen da ka cire, ka bar sabon toho ɗaya ya maye gurbinsa. Wurin da aka killace kuma kada a sake shi gaba ɗaya rana guda. A fara da yankan ciyawa a kai wa dabbobi, sai kan itatuwan ya wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe a kan ƙafafunta na baya, sa'an nan a buɗe, shi ma ɓangare-ɓangare.